Digiri 127 da Allon da Ke Ɗaukewa: Yadda Muka Bi Sawun Wani Ƙorafi

Saƙon ya shigo da hoton allo guda ɗaya da 'yan jimloli a ƙarƙashinsa. "Malam, ko dai manhajarku ƙarya take yi, ko kuma kwamfutata na gab da kamawa da wuta. Na sauya na'urar sanyaya, na sake shafa wa furosesa mai har sau biyu, amma har yanzu 127 nake gani. Kuma mutuwar da take yi ba ta daina ba." A jikin hoton ta zagaye lambar da jan layi, ko da yake babu buƙatar hakan, domin manhajar da kanta ta riga ta rubuta ta da ja.

Aikina shi ne amsa ƙorafin masu amfani da wata manhaja da ke sa ido kan lafiyar kayan cikin kwamfuta: zafin furosesa da na katin hoto, gudun fankoki, ƙarfin wutar da ke shiga kowane sashe, da halin da ma'ajiyar bayanai ke ciki. Yawancin saƙonnin da ke zuwa amsarsu ba ta wuce layi biyu. Wannan kuwa ya ci mana kwana tara, kuma huɗu daga ciki ni na ɓata su da hannuna. Shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga farko, don abokan aiki da duk wanda wata rana zai ga jar lamba a allonsa gabansa ya faɗi.

Mai ƙorafin sana'arta tace bidiyo. Kwamfutar ta tebur ce, an haɗa mata ita kimanin shekara ɗaya da rabi kafin lamarin, da furosesan Intel, da katin hoto mai cin wuta har wat 320, da akwatin wuta (na'urar da ke rarraba wa sassan kwamfuta lantarki) mai wat 850, wanda ya ishi wannan haɗin har da rara. Windows take amfani da shi. A cewarta, da zarar ta sa kwamfutar fitar da dogon bidiyo, tsakanin minti 20 zuwa 40 sai ta mutu. Babu shuɗin allon da Windows ke nunawa in ya faɗi, babu wani saƙon kuskure. Idan rubutu ko lilo a intanet take yi, sai ta wuni lafiya lau. Da abin ya dame ta, wani ya ba ta shawarar ta sauke manhajarmu ta duba zafi. Ta duba, ta ga 127, ta yanke hukunci.

Lambar da ba ta motsi

Abu na farko da na duba a hoton ba lambar ba ce, sunan da ke gefenta ne: AUXTIN. Na kuma duba gurabe ukun da ke biye, wato mafi ƙanƙanta, mafi girma da matsakaici. Duka 127. Ma'aunin da ke manne da abu mai zafi na gaske ba ya tsayawa cak haka. Ko ɗaki ne, zafinsa da asuba daban, da rana tsaka daban. Na roƙe ta ta kashe kwamfutar ta kwana a kashe, da safe tana kunnawa ta buɗe manhajar kafin komai ta turo min hoto. Kashegari hoton ya zo: furosesa na kan digiri 31, AUXTIN na nan a kan 127 bai ko gusa ba.

Bayanin wannan sai an ɗan leƙa cikin madabod, wato babban faifan da duk kayan cikin kwamfuta ke jone da shi. A jikinsa akwai wani ƙaramin cif da ake kira Super I/O, wanda kamfanoni irin su Nuvoton da ITE ke ƙerawa. Shi ke karɓar awon zafi da na wuta da na gudun fanka daga sassa daban-daban. Yana da ƙofofi da yawa na karɓar awo, amma mai ƙera madabod ba dole ba ne ya jona wa kowace ƙofa ma'auni. Ƙofar da aka bari fayau ba ta yin shiru, lamba take bayarwa, sai dai lamba ce marar ma'ana. Kuma da yake irin wannan awo ana yawan ajiye shi a gurbi mai bit 8, wanda iyakarsa daga -128 ne zuwa 127, sau da yawa lambar banzar takan tsaya a ɗaya daga bakin iyakar biyu. Wanda ya daɗe a wannan aiki, da ya ga 127 ko -128 da ba ta motsi, ya san ƙofa ce da ba kowa a bayanta.

Na ƙara mata da hujja ta biyu, domin na lura ta farkon ba ta gama kwantar mata da hankali ba. Furosesan Intel yana da nasa ma'aunin a cikin jikinsa, kuma ba ya ƙirga zafi daga sifili zuwa sama kamar ma'aunin asibiti. Abin da yake faɗi shi ne saura digiri nawa a kai iyakar da aka yanka masa, wadda ake kira TjMax, kuma a nata furosesan digiri 100 ce. Manhaja ce ke yin lissafin ta fitar da lambar da muke gani. Idan ya kai wannan iyaka, da kansa yake rage gudu, in abin ya ƙi ya kashe kansa. Furosesan da ke zaune a 127 na awanni yana kuma aiki, babu shi.

Ba a nan kaɗai lamba ke yaudarar mutane ba. A 2017, lokacin da AMD ya fito da Ryzen na farko, samfurori irin su 1700X da 1800X suna ba da awon da ake kira Tctl wanda aka ƙara masa digiri 20 da gangan, don fankoki su tashi da wuri. Mutane da yawa sun ga 75 sun tsorata, alhali zafin gaske 55 ne. Ma'aunin bai yi ƙarya ba, mai karatu ne bai san abin da ake aunawa ba.

Ta amsa da cewa ta fahimta, sannan ta yi tambayar da ta dace: "To Malam, in ba zafi ba ne, me ke kashe ta?" Ta kuma ƙara da wata da ta fi ciwo: in kun san lambar banza ce, don me kuka rubuta ta da ja? Wannan ta biyun zan dawo kanta.

Kwana huɗun da na ɓata

Na nemi abubuwan da muka saba nema. Ta turo kundin awo na farko, wanda manhajar ke rubutawa layi-layi duk bayan daƙiƙa biyu. Kundin ya zo da giɓi a wurare da dama, kuma gudun wata fanka na tsalle daga 900 zuwa sama da 60,000 ya dawo. Wannan alama ce ta cewa ba mu kaɗai ke tambayar cif ɗin ba. Ashe akwai manhajar sarrafa fitilun ado da fankoki da ta zo tare da madabod ɗin, da kuma wata manhajar awon da ta sauke don ta tabbatar da tamu, duka suna aiki a lokaci guda. Waɗannan ma'aunai hanya ɗaya siririya ake bi a kai gare su, kuma in manhajoji biyu suka yi tambaya tare ba tare da jiran juna ba, sai amsar wannan ta faɗa hannun wancan. Na ce ta rufe sauran ta bar ɗaya. Da na tsaya na karanta wannan kundi duk da dattinsa, da na ga abin da na gani daga baya. Amma na jefar da shi gefe, na ce gurɓatacce ne.

Daga nan na shiga bin jerin da kowane mai wannan aiki ya haddace. Kwamfuta na mutuwa ƙarƙashin nauyi ba tare da shuɗin allo ba, zafi kuma lafiya, sai zato ya koma kan RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ko akwatin wuta. Na sa ta shiga BIOS, shafin saitin madabod, ta kashe XMP, wato tsarin da ke ɗaga gudun RAM sama da na asali. Ta gwada, ta mutu a minti na 33. Na sa ta kwana tana gudanar da manhajar gwajin RAM, MemTest86, zagaye huɗu cif, babu kuskure ko ɗaya. Ta duba ma'ajiyarta da CrystalDiskInfo, ya ce lafiya. Na sa ta cire direban katin hoto ƙarƙaf da DDU ta sa sabo. Ta gudanar da Prime95, manhajar da ke ɗora wa furosesa nauyi, na awa guda, furosesa ya kai digiri 84 ya tsaya, kwamfuta ba ta ko girgiza ba. Ta gwada katin hoto da FurMark na minti goma, ya wuce lafiya. Minti goman nan kuskurena ne. Matar ta faɗa min tun ranar farko cewa abin ba ya faruwa sai bayan minti 20, ni kuma na ba ta gwajin da bai kai rabin haka ba, na kuma rubuta a takardata cewa kati ya tsallake.

Saura akwatin wuta. Awon layin bolt 12 da madabod ke nunawa yana yawo ne tsakanin 12.096 da 12.000, wani lokaci ya sauka 11.904. Ƙa'idar ATX ta akwatunan wuta da aka daɗe ana aiki da ita ta yarda da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato daga 11.4 zuwa 12.6, don haka wannan ba abin zargi ba ne. Amma na san awon manhaja ba ya wanke akwatin wuta. Manhaja na leƙawa ne sau ɗaya a daƙiƙa ɗaya ko biyu, katin hoto kuwa yana iya fizgar wuta mai yawa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kariyar akwatin ta ga haka ta yanke komai. Irin wannan ba ya barin sawu a kundi. Har na fara rubuta mata cewa ta aro wani akwatin wuta ta gwada, sai na tuna ban ga rajistar Windows da idona ba, abin da ta faɗa min kawai na riƙe.

Abin da ya faru bayan allon ya ɗauke

Windows yana da wurin da yake rubuta abubuwan da suka faru, Event Viewer. Duk lokacin da kwamfuta ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba, sai ya rubuta shigarwa mai lamba 41 a ƙarƙashin Kernel-Power. Mutane da yawa suna ganin sunan su ɗauka yana nufin matsalar wuta ce. Ba haka ba ne. Abin da yake cewa kawai shi ne, kashewar da ta gabata ba ta bi ƙa'ida ba. Amfanin yana cikin bayanan da ke ƙasansa. Akwai BugcheckCode, wanda in sifili ne yana nufin Windows bai samu damar rubuta dalilin faɗuwa ba. Akwai kuma PowerButtonTimestamp, wanda yakan kasance sifili in wuta ce ta yanke kwatsam, amma ya ɗauki doguwar lamba in mutum ne ya danne maɓallin kunnawa ya riƙe har kwamfutar ta mutu.

Shigarwa goma sha ɗaya ta turo min. A cikin kowacce BugcheckCode sifili ne, kuma a cikin kowacce PowerButtonTimestamp na ɗauke da lamba.

Na rubuta mata: "Malama, don Allah ki kwatanta min dalla-dalla abin da idonki ke gani da abin da kunnenki ke ji a lokacin da kika ce ta mutu. Fitilun cikin akwatin suna ɗaukewa? Fankoki suna tsayawa?" Amsarta ta zo cikin minti biyar. A'a, fitilu na nan. Allo ne ke yin baƙi, sai fankokin katin hoto su tashi da ƙara kamar za su fita daga akwatin, wani lokaci ma in tana jin sauti yakan ci gaba na ɗan lokaci. Sai ta jira kaɗan, ta danne maɓalli ta kashe. A wurinta wannan mutuwa ce, kuma ba ta yi kuskure ba a harshen yau da kullum: aiki ya tsaya, allo ya yi duhu. A wurina kuwa "mutuwa" na nufin wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Kwana huɗu muna amfani da kalma ɗaya, kowa da abin da yake nufi. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan ya sauya komai. Kwamfutar ba ta mutuwa, katin hoto ne ke ɓacewa daga cikinta. Kuma in kwamfutar na raye bayan allon ya ɗauke, to manhajarmu ma tana raye tana rubutu. Na sa ta mayar da tazarar awo zuwa daƙiƙa ɗaya, ta rufe duk wata manhajar awo, ta fara rubuta kundi kafin ta soma fitar da bidiyon, kuma in allon ya yi baƙi ta ƙirga minti guda kafin ta taɓa maɓalli.

Kundin da ya dawo yana da layi sama da 1,700. A layukan ƙarshe 47, guraben furosesa da RAM da ma'ajiya na ci gaba da sauyawa kamar ba abin da ya faru, guraben katin hoto kuwa duk sun daskare a kan lambar ƙarshe da suka bayar. Hujja ke nan a rubuce cewa kati ne ya faɗi shi kaɗai. Zafinsa kafin faɗuwar digiri 72, wurin da ya fi zafi a cikinsa 85, babu wanda ya kusa iyaka. Ba zafin kati ba ne.

Bolt ɗaya

Katunan hoto masu cin wuta da yawa galibi suna da ƙaramin cif da ke auna wutar da ke shigowa ta kowace ƙofa daban. Ba kowane kati ke bari manhaja ta karanta wannan ba, amma nata yana bari, kuma a nan aka yi dace. Katin na samun wuta ta hanya uku: ramin madabod da yake zaune a ciki, wanda ƙa'ida ta ba shi har wat 75, sai fulogi biyu masu baki takwas-takwas, kowanne har wat 150. Waɗannan gurabe suna can ƙarshen kundin, bayan gurabe sama da ɗari, inda ba kasafai ido ke kaiwa ba.

Na zana su a jadawali. Wutar ramin madabod ta tsaya kusa da bolt 12 daga farko har ƙarshe. Fulogi na ɗaya ya sauka zuwa 11.9 da aiki ya fara, ya zauna a nan. Fulogi na biyu ya fara da 11.7, a minti na goma yana 11.5, a minti na ashirin 11.2, kuma layi na ƙarshe kafin katin ya ɓace ya nuna 10.9. Ba faɗuwa ce ta farat ɗaya ba, gangara ce a hankali, kamar taya mai ƙaramar huda. Na koma kan kundin farko da na yi watsi da shi, gangarar na nan a ciki ɓaro-ɓaro, tun ranar biyu.

Duk wannan lokacin madabod na cewa 12.000, kuma gaskiya yake faɗa. Shi yana aunawa ne a inda wuta ke shigar masa. Abin da ke faruwa a wata waya daban da ta tashi daga akwatin wuta kai tsaye zuwa kati, ba shi da labari. Akwati ɗaya ne ke ciyar da duka ukun, biyu na samun cikakkiyar wuta, ɗaya na rasa bolt guda a hanya. Ke nan ba daga tushe matsalar take ba, a kan hanya take, ko kuma a bakin ƙofar katin.

Bolt ɗaya ba ya kama da abin tashin hankali sai an yi lissafi. Kowane fulogi na ɗaukar kusan wat 130 a wannan aiki, wato amfiya 11 ko sama da haka. Bolt ɗaya da ya ɓace a hanya, sau amfiya 11, ya ba da wat 11. Wannan wuta ba ta ɓace ba, zafi ta koma, kuma ba a baje take a tsawon waya ba, a tattare take a wurin da ƙarfe biyu suka haɗu ba su kama juna sosai ba, wurin da bai fi ƙwayar wake girma ba. Wurin na ɗumama, ɗan ƙarfen da ke matse haɗin na ƙara saki, turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a wurin na ƙaruwa. Katin kuma ba ya haƙura: wat ɗinsa yake so, in bolt ya ragu sai ya ƙara jan amfiya, amfiyar ta ƙara zafin. Abin na ciyar da kansa. Shi ya sa yake buƙatar minti ashirin zuwa arba'in kafin ya kai maƙura, shi ya sa gwajin minti goma ya wuce lafiya. Kuma 10.9 ɗin da muka gani leƙe ɗaya ne a daƙiƙa. A tsakanin leƙe da leƙe, duk lokacin da katin ya fizgi wuta, faɗuwar ta fi haka zurfi, har ta kai inda na'urar daidaita wutar katin ta ga ba za ta iya ba ta rufe kanta.

Saura a raba gardama: waya ce ko katin ne? Na ce ta kashe kwamfutar, ta zare ta daga bango, ta zare fulogan biyu daga jikin katin ta duba bakinsu da tocila. Tsaf suke, babu ƙuna, babu narkewa. Sai na ce ta musanya su, na ɗaya ya koma ramin na biyu, na biyu ya koma na ɗaya, ta yi aiki na minti goma sha biyu kawai ta tsayar. In gangarar ta tsaya a gurbi na biyu, ƙofar katin ce ta lalace. In ta koma gurbi na ɗaya, ta bi waya. Ta bi waya.

A nan ma akwai abin da zan yi daban da za a sake. Na sa ta sake tura wuta ta cikin haɗin da nake zargin yana ƙonewa, alhali ban sa ta bi wayar daga farko har ƙarshe ba. Minti goma sha biyu ba su jawo komai ba, amma dubawa ya kamata ta riga gwaji. Sai da hoton fulogan ya zo na lura wayoyin farare ne masu rigar saƙa, ba irin baƙaƙen da ke zuwa da akwatin wuta ba. Na tambaya. Ta ce wanda ya haɗa mata kwamfutar ne ya sa su don ado, ita ba ta taɓa buɗe bayan akwatin ba. Ashe ƙari ne: wayar asali ta fito daga akwatin wuta, an jona mata wannan farar a bayan madabod inda ba a gani, an cusa su an rufe murfi a kansu da ƙarfi.

Ta buɗe murfin baya. Ɗaya daga mahaɗan biyu bai shiga har ƙarshe ba, ɗan makullinsa bai kama ba, kuma murfin ya lanƙwasa shi gefe. Da ta raba shi, robar da ke kewaye da baki biyu daga cikin ukun da ke ɗauke da bolt 12 ta koma ruwan ƙasa, ƙarfen ciki ya dushe. Ta ce har wani ɗan wari ta ji, irin wanda ta sha ji a ɗakin tana ɗauka na sabuwar na'urar sanyaya ne.

Na ce ta cire ƙarin duka biyu, har da lafiyayyen. Wayar asalin da bakinta ya ƙone ita ma kada ta sake amfani da ita, domin bakin da ya taɓa ƙonewa ba ya komawa daidai ko an goge shi. Da ta ce tana da wasu wayoyi da suka rage daga tsohuwar kwamfutarta, nan na tsaya na ja mata kunne sosai. A irin wannan waya, bakin da ke shiga katin hoto iri ɗaya ne a ko'ina, amma bakin da ke shiga jikin akwatin wuta babu ƙa'ida ɗaya a kansa. Kamfani da kamfani sun bambanta, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya. Fulogin zai iya shiga daram, amma bolt 12 ya faɗa inda ba wurinsa ba, a rasa katin gaba ɗaya. Ta lalubo kwalin akwatin wutarta na yanzu, ta samu waya ta uku da ba a taɓa amfani da ita ba. Da ita ta jona, ta kuma duba ramin jikin akwatin da tsohuwar ta fito, babu alamar ƙuna.

Ta sake sa bidiyon da ya kashe allon sau goma sha ɗaya. Ya ɗauki awa ɗaya da minti goma ya kammala. A kundin, fulogi na ɗaya 11.9, na biyu 11.9, layi biyu a miƙe kamar an ja su da rula. Ta yi kwana uku tana aiki da kundi a buɗe kafin muka rufe ƙorafin.

Tambayar jar lamba

Na ce zan dawo kanta. Uzurinmu na gaskiya ne amma bai isa ba. Madabod iri-iri ne, sun kai dubbai, kuma masu ƙera su ba kasafai suke bayyana wace ƙofar awo suka jona wace suka bari ba. Manhaja irin tamu tana karanta duk abin da cif ya bayar, in an samu wanda ya gwada wani samfuri ya tabbatar mana, sai mu sa wa guraben sunayen da suka dace mu ɓoye na banza. Nata samfurin ba ya cikin waɗanda aka tantance. Har nan babu laifi. Laifin shi ne muna da doka ɗaya ga kowane gurbin zafi: ya wuce 90, a rubuta da ja. Lambar da ba ta nufin komai muka ɗaga mata murya, wadda ke nuna haɗarin gaske kuma, gangarar bolt a fulogi na biyu, muka bar ta da baƙin rubutu a ƙasan jeri, domin ba mu taɓa yanka mata iyaka ba. Matar ta sayi na'urar sanyaya da ba ta buƙata, ta sake shafa wa furosesa mai sau biyu, duk a kan launin da mu muka zaɓa.

Na kai maganar ga masu rubuta manhajar. Ba su yarda a ɓoye irin waɗannan gurabe kai tsaye ba, kuma hujjarsu na da ƙarfi: akwai ranar da 127 ɗin za ta zama alamar ma'auni na gaske da wayarsa ta tsinke, kuma mai gyara zai so ya gani. Abin da aka tsaya a kai shi ne, duk awon zafin da ya zauna a 127 ko -128 bai motsa ba tun buɗe manhaja, za a rubuta shi da toka-toka, da ɗan bayani a gefe cewa mai yiwuwa ba a jona komai a nan ba. An kuma sa gargaɗi idan bambancin bolt tsakanin fulogan kati ɗaya ya yi yawa ya kuma daɗe. A kan nawa ne "yawa" an sha muhawara, domin wayoyi masu tsawo daban-daban kan bambanta kaɗan ko da lafiyarsu ƙalau, kuma ba ma so mu ƙirƙiro sabuwar jar lambar da za ta tsorata mutane a banza.

A takardar da mai ƙorafi ke cikewa kuma, inda a da aka rubuta "Kwatanta matsalar", yanzu akwai tambayoyi uku a ƙarƙashi ga duk wanda ya ce kwamfutarsa na mutuwa: fitilu da fankoki suna tsayawa ko suna ci gaba, da kanta take sake tashi ko kai ke danna maɓalli, kuma minti nawa take ɗauka kafin abin ya faru.

Saƙonta na ƙarshe ya zo bayan mako biyu. Ta ce komai lafiya, tana so ne kawai ta san ko za ta iya mayar da farar waya ɗayan da ba ta ƙone ba, don akwatin ya yi mata muni da baƙaƙen. Na ce za ta iya in ta tura ta har makullin ya yi ƙara, ta kuma bar mata sarari kada murfi ya danne ta, sannan ta buɗe kundi ta kalli guraben fulogan biyu na awa guda ƙarƙashin aiki. Ta ce a'a, ta fasa, za ta saba da baƙaƙen.